Tsohuwar Motar Soja da Sikelin Kan Hanya: Lamarin Wani Mai Gona a Arewacin Kalifoniya

## Asalin lamarin

Ranar 23 ga Yulin 2018 gobarar dajin da aka sa wa suna Carr ta tashi a yammacin garin Redding, cikin gundumar Shasta a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka. Kafin a ci ƙarfinta ta lashe eka sama da 229,000, ta ƙone gidaje fiye da dubu. A watan Nuwamban shekarar kuma wata gobarar ta cinye garin Paradise a gundumar Butte, mutum 85 suka rasu. Daga nan duk mai fili a kan tsaunukan yankin ya shiga tunanin abin da zai yi idan wuta ta doso shi tun motar kashe gobara ba ta iso ba.

Mutumin da wannan nazari ya bibiyi lamarinsa yana cikin waɗannan masu filaye, tambayar da lamarin ya taso da ita kuwa ita ce: shin tsohuwar motar soja da mai zaman kansa ya saya dole ta tsaya a sikeli, wato tashar awon manyan motoci da ke gefen hanya? Yana da 'yar gona a kan tudu, da shanu kaɗan, hanyarsa kuma burji ce mai hawa da gangara. A-kori-kurarsa ba ta iya hawa tudun da babban tankin ruwa. Abin da yake nema shi ne mota mai jan duka ƙafafunta, wadda za ta ɗauki ruwa da rani, ta ɗauko tsakuwa da itace a sauran shekara. Sabuwar mota mai irin wannan ƙarfi ta fi ƙarfin aljihunsa, don haka ya juya ga gwanjon kayan soja.

Rundunar sojan Amurka tana sallamar tsofaffin motocinta ta hannun hukumar kula da kayan aikinta, DLA, kuma tun 2014 kamfanin GovPlanet ke gudanar da gwanjon motocin ta intanet. A shekarar da ta biyo bayan gobarar, mutumin ya ci gwanjon wata M923, ɗaya daga cikin jerin M939 da kamfanin AM General ya fara ƙerawa a 1982. Mota ce mai aksil uku, wato sandunan ƙarfen da tayoyi ke jikinsu, da taya goma, da injin dizal na Cummins, da giya mai canza kanta ta Allison, da birkin iska zalla. Babu kaya nauyinta wajen laba 21,600 ne, kusan kilo 9,800, an kuma ƙera ta don ɗaukar laba 10,000 a jeji. Farantin ƙarfen da ke cikin gidan direba ya nuna cewa iyakar nauyinta da kaya, abin da ake kira GVWR, ta haura laba 30,000.

Lasin da ke aljihunsa na aji C ne, irin na kowa, wanda ake tuƙa ƙaramar mota da shi. Ya kuma tafi ɗauko motar da abubuwa uku a ransa. Na farko, ya sha ganin jerin gwanon motocin soja a kan babbar hanya, a zatonsa kuma ba ruwansu da sikeli. Na biyu, motar tasa ce ta kansa. Na uku, ba ya ɗaukar kayan kowa don kuɗi. Masu irin waɗannan motoci da ya tambaya, yawancinsu mazauna wasu jihohi, sun ce masa sikeli na 'yan tirela ne, su kam wucewa suke yi.

## Makon farko: ɗauko motar

Motar tana ajiye a wani fili kusa da Tacoma a jihar Washintan, nisan da ya haura mil 500 daga gidansa, duk a kan babbar hanyar I-5. Takardar SF-97 da gwamnati ke bayarwa don a samu shaidar mallaka ba ta iso ba tukuna, sai ya karɓi izinin tafiya na wucin gadi, ya yi inshora, ya duba mai da ruwa da tayoyi, ya kama hanya. Mota ce mai tafiyar hawainiya da ƙara mai toshe kunne, don haka tafiyar ta kwana biyu ce.

Tashar awo ta farko da ya tarar a Oregon ita ce ta Woodburn, kudu da Portland. Allon da ke gabanta yana umartar duk babbar motar da ta wuce laba 20,000 ta ratse. Tasa motar, ko tsinke ba ta ɗauka ba, ta riga ta wuce wannan adadi. A lokacin da ya iso tashar a rufe take, ya wuce, bai kuma tsaya ya yi tunanin abin da allon ke nufi da shi ba.

Ya kamata a faɗi dalilin kafa waɗannan tashoshi, don shi ne ke bayyana sauran labarin. Tsakanin 1958 da 1960 injiniyoyi sun yi wani babban gwaji a Ottawa ta jihar Illinois, suna zagaya manyan motoci a kan titunan gwaji dare da rana. Abin da suka gano shi ne ɓarnar da aksil ke yi wa kwalta tana ƙaruwa da sauri fiye da ƙaruwar nauyinsa: a ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnar ta ninku kusan sau goma sha shida. Don taƙaita irin wannan ɓarna, dokar tarayya ta ƙayyade laba 80,000 ga mota gaba ɗaya a kan manyan hanyoyin da suka haɗa jihohi, da laba 20,000 ga aksil guda, da laba 34,000 ga tagwayen aksil. Amma tarayya ba ta gudanar da tashoshin. Kowace jiha ce ke gina nata, ta sa jami'anta, ta kuma rubuta a dokarta wace mota ce za ta tsaya. Da tafiya ta yi tafiya tashoshin suka zama wurin duba birki da tayoyi da lasi da takardu, har aikin duba lafiyar mota ya kusa fin na awo yawa.

Kashegari ya haye tudun Siskiyou, wuri mafi bisa a kan I-5, ƙafa 4,310, ya gangaro ya shiga Kalifoniya.

## Ranar da aka tare shi

Kudu da garin Mount Shasta, dab da inda hanya ke fara gangarawa kwarin Kogin Sacramento, akwai tashar Dunsmuir Grade ta rundunar sintirin manyan hanyoyi, CHP. A buɗe take, tireloli sun yi layi suna ratsewa. Ya dube su ya miƙe abinsa. Bai yi nisa ba ya hango fitilar motar sintiri a madubi. Jami'in ya sa shi ya fita a mahaɗa ta gaba ya zagayo tashar.

Sikeli bai sami komai a kansa ba. Nauyin ya ɗan haura laba 21,000, babu aksil ɗin da ya kusanci iyaka. Matsalar ta fito ne da aka karɓi lasinsa.

Jami'in ya yi masa bayanin abubuwa biyu. Sashe na 2813 na dokar ababen hawa ta Kalifoniya ya wajabta wa direban motar kasuwanci ya tsaya a duk inda aka kafa allon tsayawa, ƙin tsayawar kuma laifi ne da ya fi ƙaramin laifin hanya nauyi. Mutumin ya ce ai tasa ba ta kasuwanci ba ce. Jami'in ya nuna masa sashe na 260, inda aka fassara motar kasuwanci da ma'ana biyu: wadda ake ɗaukar mutane da ita don kuɗi, ko wadda aka ƙera, ko ake amfani da ita, musamman don ɗaukar kaya. A ma'ana ta biyu ba a ambaci kuɗi ko haya ba sam. M923 kuwa tun daga masana'anta motar kaya ce. A-kori-kura ce ake yafe wa a tashoshin da aka rubuta hakan, ita ma dokar ta fayyace ta: GVWR ƙasa da laba 11,500, nauyinta babu kaya ƙasa da laba 8,001, buɗaɗɗen bodinta bai wuce ƙafa tara ba. Ko motocin kwasar kayan gida da mutane ke haya na yini guda sai sun ratse a wannan jiha.

Abu na biyu ya fi tsanani. Sashe na 12804.9 ya ce motar da GVWR ɗinta ya wuce laba 26,000 sai mai lasin aji B, wato lasin babbar mota. Ya kuma ƙara da cewa duk mota mai aksil uku, in dai ta kai laba 6,000, ita ma sai aji B. Motarsa ta faɗa cikin duka biyun. Game da motocin soja da yake gani kuwa, dokar tarayya ta ɗauke wa sojan da ke bakin aiki buƙatar lasin manyan motoci, saboda rundunar na horar da direbobinta da kanta. Rangwamen yana tare da sojan da aikinsa. Ranar da aka buga gudumar gwanjo, motar ta koma ta farar hula, ko da fentinta da lambobin rundunar suna nan a jikinta.

An yi masa gargaɗi a kan wuce tashar, an rubuta masa takardar laifi a kan tuƙa motar da lasinsa bai kai ba, aka kuma hana shi motsa ta. Sai da wani maƙwabcinsa mai jan tirelar gumagumai, mai lasin aji A wanda ke gaba da na B, ya taso daga gida da yamma sannan motar ta bar wurin. Ta isa gona da dare, ta kuma zauna a nan.

## Wata na farko zuwa na uku: dabarun da ba su kai ba

Abin da ya fara yi shi ne wanda kusan kowane mai irin wannan mota ke yi: ya rubuta a ƙofofinta da farin fenti cewa ba ta haya ba ce, ta amfanin kai ce. Da ya je ofishin CHP na yankinsa ya tambayi sashen manyan motoci, sai aka gaya masa rubutun yana amsa tambayar da dokar jihar ba ta yi ba. Sashe na 260 ƙirar mota yake dubawa. Rubutun na iya rage wa jami'i tambayoyi game da kayan da aka ɗauko, amma ba ya sauya ajin motar ko ajin lasi.

Dabara ta biyu ta fi ta farko tushe, ita ce kuma ta fi ruɗa mutane. A cikin ƙa'idojin hukumar tarayya mai kula da lafiyar manyan motoci, FMCSA, sashe na 390.5 ya ce motar kasuwanci ita ce mai laba 10,001 zuwa sama da ake amfani da ita a harkar kasuwanci tsakanin jihohi. Sashe na 390.3 kuma ya ware wanda ke ɗaukar kayansa na kansa jefi-jefi, ba don biya ba, ba kuma don wata sana'a ba. Mutumin ya buga waɗannan sassa a takarda, ya ja musu layi da biro. Abin da suka ƙunsa gaskiya ne: mai irin halinsa ba ya buƙatar lambar ma'aikatar sufuri ta tarayya ko littafin rubuta awoyin tuƙi. Sai dai rangwame ne daga ƙa'idojin tarayya kaɗai. Dokar tarayya ta kafa mafi ƙarancin abin da jiha za ta nema, ba ta hana jiha ta ƙara nata ba, Kalifoniya kuma ta ƙara. Akwai ma wani ƙulli da bai lura da shi ba: mai shanu da ke sayar da maruƙa, in ya ɗauko musu ciyawa ko ruwa, da wuya a ce tafiyar ba ta taimaka wa wata sana'a ba.

Da wannan takarda ya tsaya gaban kotun laifukan hanya. Zaman bai daɗe ba. An tambaye shi aksil nawa ne a motar, ya ce uku. An tambaye shi ajin lasinsa, ya ce C. Aka ci shi tara, ya biya.

Daga nan ya koma neman hanyar sauya wa motar matsayi. Kalifoniya tana ba da lambar motocin tarihi ga abin hawan da ya kai shekara 25 kuma yake da darajar tarihi, a ƙarƙashin sashe na 5004, tasa kuma ta cancanta. Masu tara tsofaffin motocin soja da yawa da ita suke amfani. Amma an taƙaita lambar ga fareti da baje koli da taron ƙungiyoyin masu sha'awar tarihi. Wanda aka kama da tankin ruwa ko tsakuwa a bayan mota mai wannan lamba ya jawo wa kansa sabon laifi. Tunda aiki ya sayo motar ta yi masa, ya haƙura da wannan.

Ya kuma duba mai da ta motar kwana, wato mai ɗakin kwana a bayanta. A jihar, mai lasin C na iya tuƙa motar kwana da ba ta wuce ƙafa 40 ba, irin waɗannan motoci kuma ba sa ratsewa sikeli. Shi ya sa wasu ke cire bodin kaya su dasa ɗaki mai gado da murhu da bayan gida. Dole ne sauyin ya zama na dindindin, wanda ke nufin babu sauran wurin tanki.

Ta ƙarshe ita ce cire aksil ɗaya na baya a gajarta shasi, aikin da aka fi yi wa ƙanwarta M35, mai ɗaukar tan biyu da rabi. Wannan zai kawar da batun aksil uku. Ba zai taɓa adadin da masana'anta ta buga a faranti ba, mai mota kuma ba shi da ikon sauya wannan adadi da kansa. Ko da an samu wanda zai sake tantance ta, za ta rasa kusan rabin ƙarfin ɗaukar kayanta, ta kuma ci gaba da zama motar kaya a idon sashe na 260, wato sikeli na nan yana jiranta. Wata uku suka wuce, rani ya kama, motar tana tsaye a inuwar rumbu.

## Wata na huɗu zuwa na shida: abin da ya yi aiki

Maƙwabcin nan mai tirelar gumagumai ne ya shawo kansa ya daina neman hanyar kewaye ya nemi lasin. A Kalifoniya duk motar da ke buƙatar aji A ko B ana ɗaukarta motar kasuwanci wajen ba da lasi, in ban da manyan motocin kwana da wasu 'yan kaɗan, don haka cikakken lasin tuƙa motocin kasuwanci, CDL, zai nema, lasin da dokar tarayya ta 1986 ta kafa kuma ya zama wajibi a 1992.

Matakan a fili suke. Ya je wurin likitan da hukuma ta amince da shi aka gwada idonsa da jinsa da hawan jininsa, aka ba shi shaidar da ba ta wuce shekara biyu. Ya rubuta jarrabawar sanin manyan motoci da ta birkin iska. Ya ƙara da ta tanki, domin tankin da ya kai galan 1,000 a kan babbar mota yana buƙatar ƙarin izini, ko da ɗaure shi aka yi na ɗan lokaci. Aka ba shi takardar koyo, wadda dole a riƙe ta aƙalla kwana 14 kafin gwajin tuƙi. A lokacin ba a fara tilasta shiga makarantar koyon tuƙi ba, wannan sharaɗi sai a Fabrairun 2022 ya fara aiki, don haka maƙwabcin ne ya riƙa zama a gefensa.

Gwajin farko ya faɗi tun bai tayar da mota zuwa titi ba. Kafin a tuƙa sai an nuna wa mai gwaji yadda ake duba birkin iska, kuskure a wannan kuma faɗuwa ce kai tsaye. Ana cika tankunan iska, a kashe inji, a danne birki, a ƙirga minti guda: a mota guda marar tirela bai kamata iska ta ragu da fiye da psi uku ba (psi shi ne ma'aunin matsin iska). Sannan a riƙa taka birki ana saki har ƙararrawar ƙarancin iska ta yi kuka, a ci gaba har birkin sifirin ya kama da kansa. Mutumin ya rikita jerin matakan. Ya shekara da shekaru yana tuƙa mota mai birkin mai, bai taɓa sanin cewa a birkin iska akwai ɗan jinkiri tsakanin taka feda da kamawa ba, ko cewa yawan taka birki a doguwar gangara na iya zafafa shi har ya daina ci. Da wannan sani ne, ko rashinsa, ya gangaro daga Siskiyou. A karo na biyu ya ci. Tunda da mota mai canza giya da kanta ya yi gwajin, an rubuta masa a lasi cewa ba zai ja babbar mota mai kuloci ba, wanda bai dame shi ba.

Rajista ta biyo baya. Da SF-97 ta iso ya samu shaidar mallaka. Kalifoniya tana karɓar kuɗin rajistar motocin kaya masu laba 10,001 zuwa sama bisa nauyin da mai mota ya bayyana zai riƙa yawo da shi, sannan ta ba shi sitika mai nuna ajin nauyin ya manna a ƙofofi biyu. Don kada ya yi ƙiyasi, ya ɗora tankin ya cika shi, maƙwabcin ya raka shi sikelin kamfanin CAT da ke wani gidan man tireloli. Galan ɗaya na ruwa laba 8.34 ne, galan 1,000 ke nan laba 8,340, ga nauyin tanki da famfo da tiyo. Jimillar ta tsaya ƙasa kaɗan da iyakar laba 10,000 ta motar. Takardar sikelin ta nuna nauyin gaba da na tagwayen baya dabam-dabam, ya ajiye ta tare da takardun mota.

Sai wani shinge da bai taɓa jin labarinsa ba. Hukumar kula da tsabtar iska ta jihar, CARB, tana da ƙa'ida a kan manyan motocin dizal da suka wuce laba 14,000, wadda ta nufi kawar da tsofaffin injuna, har ta kai cewa daga 1 ga Janairun 2023 kusan kowace irin wannan mota sai mai injin 2010 zuwa sama. Daga Janairun 2020 kuma aka fara hana sabunta rajistar motar da ba ta cika sharaɗin ba. Injin shekarun 1980 ba shi da hanyar cikawa. Abin da ya cece shi shi ne rangwamen motocin da ba sa yin mil 1,000 a shekara a cikin jihar. Ya yi rajista a wannan aji, yana kai rahoton abin da mitar tafiyarsa ta nuna. Yawancin aikin motar dama a cikin gona ne da 'yan tafiye-tafiye zuwa wurin sayen tsakuwa.

## Bayan shekara guda: binciken da aka yi wa motar

Tun da ya samu lasi ya ɗauki ƙa'ida guda: duk tashar da ya tarar a buɗe zai ratse. Wadda ya fi bi ita ce ta Cottonwood, kudu da Redding. Galibi abin ba ya wuce ya rage gudu, ya hau sikeli a hankali, fitila ta nuna kore, ya koma kan hanya. Tirelolin kamfanoni da dama suna da na'urar PrePass ko manhajar Drivewyze da ke ba su damar wucewa ba tsayawa idan tarihinsu mai kyau ne, amma ga mai 'yan tafiye-tafiye kamar shi ba ta da wani amfani.

Wata rana fitila ta nuna ja, aka tura shi rumfar bincike. Cikakken bincike aka yi, wanda ƙungiyar masu binciken lafiyar manyan motoci, CVSA, ta tsara wa Amurka da Kanada da Meziko, inda jami'i ke duba takardun direba sannan ya shiga ƙarƙashin mota. Lasi da shaidar likita da rajista duk daidai. A ƙarƙashi kuwa an ji iska na tsiyaya daga wani tiyon roba da ke zuwa birkin baya, tiyon da ya bushe ya tsattsage saboda shekarun da motar ta yi a ajiye a rana. An kuma nuna masa tayoyi biyu na ciki waɗanda gefensu ya fara dararewa, duk da zanensu bai cinye ba. Haka tayoyin soja suke, tsufa ke kashe su kafin tafiya. An hana motar tashi sai an sauya tiyon. Makanike ya zo da wani ya ɗaura a wurin, tayoyin kuma ya sauya su a makon.

Tiyon nan ba ƙaramin abu ba ne a wannan jerin motoci. Ita kanta rundunar sojan ta sha fama da haɗurran M939 a kan jiƙaƙƙen titi, musamman idan babu kaya ko kayan kaɗan ne, inda ƙafafun baya ke kullewa motar ta juya. Har sai da ta kafa dokar kada a wuce mil 40 a awa da duk wadda ba a sanya wa na'urar hana kullewar birki ba, aikin da aka fara a 1999.

Motar tana aiki har yanzu. Da rani tankin na kanta a cike, an juya hancinta waje.

## Hukunci

Amsar tambayar da mutumin ya fara da ita, ko tsohuwar motar soja ta mai zaman kansa dole ta tsaya a sikeli, tana hannun jihar da tayar ke takawa a lokacin. Wasu jihohi sun rataya wajibcin a kan kasuwanci, a nan mai yawo da motarsa don sha'awa yana iya wucewa da gaskiyarsa. Oregon ta rubuta nauyi a allonta. Kalifoniya ta rataya shi a kan ƙirar mota. Abokan da suka ba shi shawara ba ƙarya suka yi masa ba, dokar garinsu suka faɗa. A Teksas, alal misali, akwai lambar musamman ta tsofaffin motocin soja, akwai kuma lasin aji A da B wanda ba na kasuwanci ba, abin da mai motar kaya ba zai samu a Kalifoniya ba. Kuskurensa shi ne ɗaukar amsar wata jiha ya tsallaka iyaka biyu da ita, alhali kiran waya ɗaya zuwa sashen manyan motoci na kowace jiha kafin ya tashi daga Tacoma zai warware masa.

Duk dabarun da suka gaza abu ɗaya ya haɗa su: ƙoƙarin sauya sunan da ake kiran motar ba tare da an taɓa nauyinta ko birkinta ko sanin direbanta ba. Wata ukun da ya kashe a kansu sun fi lokacin da lasin ya ci masa, sun kuma faɗo daidai farkon lokacin gobara, wato lokacin da ya sayi motar dominsa.

Akwai ƙorafi mai ma'ana a ɓangarensa, ni ma ina ganin haka. Mutumin da ba ya yin mil dubu a shekara an ɗora masa jarrabawa da gwajin likita da kuɗin rajista irin na mai sana'ar tuƙi, kuma babu wanda ya faɗa masa haka a wurin gwanjo. Da jihar ta buɗe ajin lasi na masu manyan motocin amfanin kai, mai gwajin birkin iska amma marar sauran nauye-nauyen kasuwanci, da ta rage masu ɓoyewa a bayan lambar tarihi. Amma a kan ainihin tare shi da aka yi, jami'in ya yi daidai. Mota mai tan goma da birkin da direbanta bai iya gwadawa ba tana shirin shiga gangaren kwarin Sacramento a tsakiyar ƙananan motoci, kuma haɗarin da ke cikin haka bai ragu da ƙwayar zarra ba don kayan da ke bayanta na mai motar ne. Tiyon da ya tsattsage ma a rumfar Cottonwood aka gano shi, a tashar da a shekarar da ta gabata da wucewa zai yi.